Oko Ba Ɗigo

Mokola, Ibadan

Buroda Sikiru,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Anti Rofiat da yara. Allah ya sassauta muku sanyin Kanada, ya ƙara mana haƙurin rashin Baba. Mu nan da sauƙi. Mama ta fara cin abinci kaɗan kaɗan, jiya har ta yi faɗa cewa amala ta yi ruwa, na ji daɗin faɗan nan ƙwarai.

Ka tambaye ni a waya ko Baba ya bar wata magana, na ce sai na rubuto. Mama na kusa da ni a lokacin, shi ya sa.

Ka san tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye bakinsa ya rufe. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana buga Yarabanci a maɗaba'a, ga shi ruwa ma sai ya nuna da ido. Kibod ɗin kwamfuta na kasuwa ya fi ƙarfin hannu ɗaya, sai na ce bari in haɗa masa nasa, tunda aikina ne. Na yi shi gida biyu, hagu da dama, waya ta haɗa su. Kowane maɓalli da hannuna na liƙa shi da dalma, na ƙona yatsu har Mama ta ce wa zai auri mace mai warin hayaƙi. Layi guda na sa diyod, 'yan ƙananan kayan lantarkin nan, a juye, sai da na warware na sake. Sannan na rubuta wa 'yar ƙwaƙwalwarsa umarni: idan Baba ya danne maɓallin babban yatsa, ɓarin hagu ya koma haruffan dama, hannu ɗaya ya wadatar. A ƙasa na bar maɓallai biyu, ɗaya na ɗigon ƙarƙashin harafi, ɗaya na alamar karin murya a saman harafi. Ka tuna yadda yake murɗe mana kunne yana cewa wanda ya bar kalma ba ɗigo ya bar ta tsirara. Su biyun nan ne ban gama koya wa na'urar ba, na bar su sai Asabar.

Ranar Alhamis Mama ta ce in kawo shi haka nan, ta gaji da zama da miji kamar da baƙo. Na ɗora ɓarin hagu a kan filo a cinyarsa. Ya shafa maɓallan ya harare ni, irin hararar da yake yi wa sabon ma'aikaci. Sai ya danne babban yatsa, da ƙyar, yana gumi, ya rubuta oko a fuskar kwamfuta. Ya lalubi maɓallan ƙasa ya danna, ba abin da ya fito. Muka rufe shi da tambaya. Ya ture filon, hawaye na zuba, ya juya fuska bango. Muka ce gajiya ce, a bar shi ya huta. Da safe ciwon ya sake bugunsa, sauran ka sani.

Bayan addu'ar kwana takwas kowa ya zama malami. Ƙanensa Baba Kekere ya ce ai oko gona ce, Baba yana nufin kada a sayar da gonar Iseyin. Mama ta ce masa ya rufe mata baki, ọkọ ya rubuta, miji, yana gaya mata har yanzu shi mijinta ne ko da bai iya motsi ba. Tun daga ranar ta samu abin riƙewa. Da na ƙarasa aikin maɓallan, ta sa na buga mata ọkọ da ɗigonsa biyu a takarda, tana ajiye da ita a ƙarƙashin filo.

Buroda, ni ce na tsaya a bayan kafaɗarsa, idona a kan yatsunsa. Kalmar gona ba ta buƙatar ɗigo ko alama, da ita yake nufi da bai lalubi ƙasa ba. Miji ɗigo biyu ne. Baba ya danna na ɗigo sau biyu, sannan ya matsa ya danna na karin murya. Ọkọ̀ ke nan, mota. Ya ji abin yana zuwa, yana roƙon mu kai shi asibiti, mu kuma muka gyara masa filo. Ban gane ba sai da na zauna gwada maɓallan bayan an binne shi, yatsuna suka bi inda nasa suka bi. Zuciyata ta karye, Buroda, tun da na buga wa Mama takardarta ban sake jona kibod ɗin ba.

Na gaya maka ne don na kasa ɗauka ni kaɗai. Ka gaida Anti Rofiat, da Mojeed, da 'yar Baliki mai sabon haƙori. Mama za ta kira ka ranar Juma'a, za ta tambaye ka kai da ka yi boko me ka gani a kalmar. Don Allah ka ce mata miji.

Ƙanwarka,
Mulikat