Abin da na tarar a cikin firizata

Zuwa ga ɗana,

Kada ka kuskura ka kira ƙanwarka ka lallashe ta kafin ka karanta wannan takarda har ƙarshe. Na san ta riga ni kai ƙara, kuma na san halinka, wanda ya fara yi maka kuka shi ne mai gaskiya. Bayan haka, ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da matarka da jikokina. Allah ya ƙara muku lafiya, ya kuma shirya mana zuri'a, don yanzu addu'ar da na fi yi ke nan. Mahaifinka ƙafarsa ta yi sauƙi, har yana fita bakin ƙofa. Goggonka ta koma ɗakinta bayan ta gama jinyarsa.

Ka san shekara da shekaru ina sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, kuma duk layin nan ba wanda ya taɓa tsintar ko gashi a cikin kayana. Ranar nan matar tela ta zo sayen ƙanƙara, hannuna duk kumfar wanki, na ce ta shiga ta ɗauka da kanta. Sai ihu na ji. Na tarar da ita riƙe da wata farar roba da ta zaro daga ƙasan firiza, ta buɗe murfin. Abubuwa ne jere a leda, wani kamar ɗan yatsa, wani ya kai tafin hannu, ga ƙafafu, ga kofato, ga wannan hancin da ba ya ɓuya. 'Yan tayin alade, ɗana. A ƙarƙashin ruwan da nake sayar wa mutane su sha.

Da ƙanwarka Auta ta dawo daga jami'a ko haƙuri ba ta fara ba ni ba, darasi ta ɗauko. Wai firizar ɗakin gwajinsu ce ta lalace, in suka narke aikinta na kammala karatu ya tashi. Wai tana binciken yadda gaɓoɓin haihuwa suke fitowa tun dabba tana cikin mahaifa, cewa da farko namiji da mace kamanninsu ɗaya, daga baya suke rabuwa, kuma marainan namiji can cikin ciki suke farawa kafin su sauko. Wai in an gane abin da yake hana su saukowa, har yaran mutane za su amfana. Na ce mata ni ma na yi sakandare, na feɗe kwaɗo da hannuna, amma ban kai wa uwata shi cikin tukunya ba. Ilimin da bai koya wa mutum neman izini ba, ban san amfaninsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ta ce ta nemi izini, a wurinka. Wai ka ce ta saka abinta, Mama ba za ta lura ba, kuma ai kai ka sayi firizar. Ashe haka ne? Ashe aro ka ba ni, ni ina ta yi maka addu'a a kan kyauta? Kana can inda ba wanda ya san uwarka, ni ce nan nake fita ana nuna ni da baki. Matar tela kafin ta kai gida ta tsaya a ƙofa biyar. Mai shagon kan kwana, wanda kullum yake ɗaukar ƙanƙara, ya tare ni yana dariya wai ta yau namiji ce ko mace. Matan da muke gaisawa tun kafin a haife ka sun daina shan ruwa a gidana, in na miƙa kofi sai su ce yanzu suka sha.

Robar kam na sa an haƙa rami a bayan gida an binne ta a ranar, tun kafin ƙanwarka ta dawo. Ta tona da hannunta, ta tarar sun lalace. Ta ce wata da watanni ta yi tana bin mahauta kafin ta haɗa su daga ƙarami zuwa babba, kuma malaminta ya ce sai dai ta maimaita shekara. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma daga bakin ƙofa. Mahaifinka yana ta gunaguni wai da na jira ta. Ita da ta kwantar da su a ƙarƙashin abincin mutane, ta jira ni? Ina jin kukanta ta bango, kuma ba dutse ba ne a ƙirjina, amma ba zan ce na yi kuskure ba. Shekararta za ta dawo. Sunana a layin nan ban san ranar dawowarsa ba.

Mahaifinka da goggonka da kawunka suna gaishe ku. Ka gaishe mini da matarka, ka shafa mini kan yaran.

Firizarka na wanke ta, na kashe, tana zaure, ka faɗi wanda za a ba. Daga yau duk abin da ya fito daga makarantar nan, in ba littafi ba ne, iyakarsa bakin ƙofa, kuma ba jakar da za ta shiga gidan nan sai na buɗe ta da hannuna. Izinin gidan nan kuwa a bakina yake, ba a waya ba.

Mahaifiyarka.