Hoton Barira a Bakin Na'ura

Gazawa, 12 ga Disamba 2010

Zuwa ga uwargidana Barira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jaririyarmu Nazira. Yaya wankan jego? Ki gaishe mini da Inna da Baba da duk mutanen Gidan Sori.

Barira, na yi ɓarna, kuma son ki ne ya ja mini. Kin san tsohuwar ordinatar nan, kwamfutar buron ƙungiyarmu ta manoman aya. Ta lalace, sai aka kirawo Ɗanlami mai gyara daga Maraɗi ya zuba mata sabon tsari. Ana cikin zubawa ta tambayi hoton da za ta riƙa nunawa idan an kunna ta, a shafin farko inda take jira daƙiƙa goma kafin ta shiga aiki. Ɗanlami ya ce a bar shi baƙi. Ni kuwa da na yi wata biyu ban gan ki ba tun tafiyarki goyon ciki, na miƙa masa hotonki na cikin salula.

Sai da ya hau mota na lura. Zanen da ke jikinki na jam'iyyar kawunki ne, ga alamar nan ɓaro-ɓaro. Shugabanmu Alhaji Jaye kuwa takarar konseye, wato kansila, yake a ɗaya jam'iyyar, kuma ya rantse duk wanda ya shigo masa da launin abokan hamayya buro, ya nemi wani aikin.

Yanzu da na danna maɓalli sai in tsaya gabanta in baza babbar riga, ina ƙirga goma a zuci. Da sau ɗaya ne a rana da sauƙi, amma duk ɗaukewar wuta sai ta sake tashi, ki sake fitowa. Jiya sau bakwai na tsallake buhunan aya da gudu. Alhaji har ya yaba, wai bai taɓa ganin sakatare mai tattalin kayan aiki kamata ba.

Na kira Ɗanlami, ya ce gyaran bai fi minti biyu ba, amma ba shi da hanyar nan sai bayan zaɓe. Ki taya ni addu'a, tsoro nake ji ƙwarai.

Naki har kullum,
Ado

Gazawa, 4 ga Janairu 2011

Barira,

Gaisuwa da fatan alheri. Na samu saƙonki cewa idan na cire ki kada in zo Gidan Sori. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ranar kasuwa ina bayan gida aka ɗauke wuta aka maido. Na fito da buta a hannu, na tarar da Alhaji da manoma tara sun yi cirko-cirko suna kallon ki. Ban ɓoye komai ba, na faɗa masa gaskiya.

Sai ya tambaya ko kowane irin hoto na'urar tana karɓa. Washegari ya aika mota musamman aka ɗauko Ɗanlami, aka sa hoton Alhaji na kamfe a gurbinki. Hoton bai dace da faɗin gilashin ba, sai ya baje, Alhaji ya zama kamar randa. Ɗanlami ya so ya daidaita, Alhaji ya hana, wai haka ya fi kwarjini. Ya kuma sa aka mayar da daƙiƙa goman nan minti ɗaya.

Aikina dai ya tsira. Amma wallahi, Barira, ko a lokacin da nake tare ki da riga, ina leƙen ki ta ƙarƙashin hannu, kuma da wannan nake wuni. Yanzu Alhaji nake kallo sau bakwai a rana, kuma jiya da kansa yake kashe na'urar yana kunna wa baƙi su gani.

Don girman Allah kada ki ƙara ko kwana ɗaya a kan arba'in. Ki dawo gida.

Mijinki mai kewarki,
Ado