Kumburi na Shida a Kwalekwalen Baba

Daren Laraba, Makera

Har yanzu hannuna warin gam yake yi. Kwalekwalen katakon da Baba ya haɗa ya kumbura wuri shida, iska ta maƙale a ƙarƙashin gam ɗin da ya shafa. Ya miƙo mini sirinji ya ce, "Rifkatu, huji biyu za ki yi, ɗaya gam ya shiga, ɗaya iska ta fita."

Biyar na yi daidai. A na shida, can ƙasa, na manta huji na biyu, gam ya ƙi shiga. Baba ya rufe wurin da fenti yana yabona gaban maƙwabcinmu, kunya ta hana ni faɗa masa kuskurena.

Gobe zai shiga kogi, ga ruwa ya cika. Sau biyu na je ƙofar ɗakinsa don in faɗa masa, na dawo. Baba bai iya iyo ba.