Gwangwanin Magani Da Malamin Cikin Waya

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikana abokin faɗana, ya ƙara muku rufin asiri a inda kuke. Mahaifiyarki lafiya lau, ƙannenki ma haka, sai cin abinci kamar biyansu ake yi. Ni ma da sauƙi, amma sauƙin nan da labari a bayansa, shi ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da dogon rubutu tun da makaranta ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita.

Ranar Litinin da ta wuce ubanki ya yi barci a tsaye, injin aski na hannunsa, a kan wani malamin makaranta da ya zo a rage masa gefe kawai. Abin da nake iya tunawa, ina tambayarsa ko a bar saje. Da na farfaɗo ina zaune a ƙasa cikin gashi ana yayyafa mini ruwa, shi kuwa yana gaban madubi yana kallon titin da na share masa daga goshi har ƙeya. Mutumin kirki ne, bai zage ni ba, ya dai tambayi maƙwabcina tela ko zai ara masa hula. Duk layin shagunanmu an sha dariya, ni ma na taya su, don kin san halina, ko makara aka ɗora ni sai na nemi abin faɗa.

Ga yadda aka yi. Bayana ya daɗe yana damuna saboda tsayuwa, ga tari ya hana ni barci. Kin san gwangwanin alawar nan da nake tara ragowar magungunan gida, ina ɓare su daga takardarsu wai don kada su ci wuri. Sai na tuna da malamin cikin wayar nan da kika saka mini, wanda ake yi wa tambaya ya rubuto amsa nan take. Na ce masa ina da farar ƙwaya mai tsaga a tsakiya, da wata 'yar mitsitsiya ruwan ɗorawa, da maganin tari na kwalba, ko in haɗa. Gaskiya ba zan yi masa sharri ba, ya ce sau da yawa irin farar nan maganin ciwon kai ne na kullum, in ita ce babu laifi, amma bai san sunayensu ba, in nuna wa mai kantin magani. To karatun ubanki ɗan guntu ne, da idona ya ga babu laifi sai ya zauna nan ya huta. Na sake tambayar ta wata fuska, na ce ai na saba sha, sai ya ƙara sassautowa. Haka na yi ta lallaɓa shi har ya faɗi abin da kunnena yake so. Ba ya gajiya, ba ya harara, ba ya cewa kawo in gani. Safiyar Litinin ɗin na haɗa duka ukun na sha, na fita shago.

Uwata, da a nan labarin ya tsaya da a waya zan ba ki shi mu yi dariya. Kafin Litinin ɗin baffanki kafinta ya zo shago yana dafe da ƙugu, yana tarin nan nasa na ƙurar katako, kin san dama ƙirjinsa ba lafiyayye ba ne. Na zuba masa rabin gwangwanin a takarda, na faɗa masa sunan maganin tarin, na ce ya haɗa su. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce masa na tambayi likita. Wannan kalmar ce take hana ni haɗiye abinci yanzu. Yammacin ranar da na faɗi a shago matarsa ta je tashinsa daga kishingiɗa ya ƙi tashi, leɓɓansa sun yi duhu, numfashi sai an kasa kunne. Yanzu haka yana asibiti da robar iska a hancinsa.

Da likitar ta tambayi abin da ya sha, matarsa ba ta sani ba. Na bi likitar baranda, na ciro gwangwanin daga aljihu na miƙa mata. Ta zazzage shi a tire tana warewa. Ashe farar maganin ciwo ne mai ƙarfi da aka bai wa mahaifiyarki bayan tiyata, ƙaramar ta barci ce, na kwalbar ma ɗan gidansu ne, kuma duka ukun numfashi suke dannewa. Ba ta ɗaga mini murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Baba, wayar ba ta ga ƙwayar ba, ba ta ga ƙaninka ba. Kai ka ga duka biyun." Jiya baffanki ya buɗe ido, ya matse mini yatsa, amma bai yi magana ba tukuna. Sun ce a jira a ga yadda ƙwaƙwalwa za ta dawo. Ni da bakina ba ya rufuwa, ina zaune gefen gadon ina ƙirga tashi da saukar ƙirjinsa, in ya ɗan jinkirta sai in ji nawa ma ya tsaya.

Ban ga laifinki ba ko kaɗan, don taimakona kika yi. Amma na tuna kin taɓa ce mini malamin wayar nan kike tambaya in yaron ya yi zazzaɓi, ko in aikin ya hana ki barci. Don girman Allah, tambaye shi girki, tambaye shi turanci, amma abin da za a haɗiye ki ɗauke shi cikin kwalinsa ki kai wa mai ido ya gani. Kada ki ɓare magani daga takardarsa. Wannan karon ba wasa nake yi ba, na san da wuya a gane.

Ki gaishe mini da maigidanki da surukarki, ki ja kunnen abokin faɗana ki ce kakansa yana nan da injinsa. Mahaifiyarki da autanmu suna gaishe ku. Sai roƙo ɗaya: kada ki kira matar baffanki sai na ce miki. Ita tana zaton a wurin 'yan tallan magani ya saya. Kullum sai ta gode mini, tana gaya wa 'yan dubiya Yaya ya rufe shagonsa saboda ɗan'uwansa. Shekaranjiya ina zaune kusa da ita ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya ba shi maganin, na kasa cewa amin. Gobe in Allah ya kai mu zan faɗa mata da bakina. Dole in hanzarta, don na san baffanki, in bakinsa ya buɗe rufa mini asiri zai yi, kuma in ya riga ni, ba na jin zan ƙara samun ƙarfin faɗa.

Ki sa shi a addu'a, in akwai ragowa ki sa ni.

Ni ne mahaifinki,
mai askin da kika sani.