Jijiyar da ta bi ta bayan dodon kunnena

Anti, ki taimake ni da shawara, zuciyata ta cika.

Shekara takwas ina jin bugu a kunnena na dama, dif-dif, daidai da bugun zuciyata. A gidanmu abin dariya ya zama, har "Mai Ganga" suke ce min. Babban yayanmu ma'aikacin jinya ne, shi ke duba kowa a falo da 'yar tocilarsa. Bara ya leƙa kunnen, ya ce ya hango wani jan abu, maruru ne, ya ɗauko allura zai fasa. Na riƙe hannunsa na ce a'a, a gaban matarsa da baƙi. Tun ranar ko gaisuwata ba ya amsawa, wai na raina aikinsa.

Watan jiya likitan kunne ya sa aka yi min hoton kai. Ashe babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ce ta kauce hanya, ta bi ta bayan dodon kunnen. Haka aka halicce ni, kuma ba kasafai ake samun irin haka ba. Ya ce da an soka ta, da wuya a tsayar da jinin.

Na gaya wa Mama, sai cewa ta yi tunda Allah ya tsare, in je in ba Yaya haƙuri, ni ce ƙarama. Haƙurin me? Na ƙin mutuwa? Ni dai so nake in nuna hoton a gaban dangi, ya ji kunyar da na sha.

Mai Ganga

'Yar'uwa, ba ki yi laifi ba, kuma ba zan ce ki ba da haƙuri ba. Yayanki bai nufe ki da sharri ba, wannan halittar ko likitoci takan ruɗa. Amma rashin sani ba hujjar ɗaukar allura ba ne, kuma dariyar shekara takwas ciwo ce.

Ki nemi likitan ya rubuta miki bayanin, ki nuna wa duk wanda zai taɓa kunnenki. Hoton kuma ki kai wa Yaya shi kaɗai. A gaban dangi kansa zai kare, ba zai koyi komai ba. Wataƙila ya ce ki yafe masa, wataƙila girman kai ya hana shi. Ki je duk da haka, domin har yau tocilar da allurar suna aljihunsa, kuma mai kunne na gaba ba lallai ya iya riƙe masa hannu ba.

Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya miki zuciya.