Giyar da Ta Ɓata Sunan Barmo

Malam Hamisu, ɗana, kai da masu karanta wannan fili naka, ku cinka mini wannan: su biyu ne tafe kan hanyar Gidan Rumji, ɗaya na ɗauke da ɗaya, suna tangaɗi. Gari ya ce ɗayansu ya sha abin da bai kamata ba. Wane ne ya sha? Kada ku yi dariya, don dariyar ce ta kai ni inda nake. Ka taimake ni, ni na ƙulla abin da bakina na kasa kwancewa, kuma kwana goma sha biyu suka rage mini.

Ni tsohuwa ce a Gidan Sori. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga baƙi ya karkace ka miƙe shi. Ina da jika, Barmo, ɗan babbar ɗiyata, magidanci mai 'ya'ya uku, amma ni har gobe angona nake ce masa, shi kuma ya ce mini amarya mai haƙori huɗu. Shi ke tuƙa motar gari, wata farar akori-kura da 'ya'yanmu mazauna Kwatano suka aiko bara don a daina kai mai naƙuda likita a amalanken jaki. Irin mai canza gudu da kanta ce, otomatik suke ce mata. Abin takawa biyu gare ta, ba uku ba. Ranar da ta iso direbobin tasha suka zagaye ta suna leƙe kamar an haifi maraƙi mai kai biyu.

Wata takwas tana tafiya sumul, har mu tsofaffi mukan yi gyangyaɗi a bayanta. Sai da damina motar ta kafe a rairayin wani ƙorama wajen Sae Sabuwa. Barmo ya yi ta yin gaba da baya, gaba da baya, tana kuka, har ta fito. Da ya iso gida aka ga wani jan ruwa yana ɗiga ƙarƙashinta, ja wur kamar zoɓo. Ya kai ta wurin Dogo, mai gyara mana injin niƙa da babura. Ina zaune nan ina jiran gerona, na ga Dogo ya kwanta ya ɗaure wani bututu, ya tashi ya ɗauko galan ɗin da yake zuba wa injin niƙa ya ɗura mata. Barmo ya ɗan yi gardama, Dogo ya ce mai duk mai ne, launi kawai Turawa ke sa masa don su ruɗe mu.

Tun daga nan ta canza hali. In Barmo ya ja sandar nan ta tafiya, sai ta yi shiru kamar ba da ita ake ba. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ta yi gam! ta zabura kamar jakin da aka sa wa barkono. In baya ne ma ta fi mugunta. A hanya kuma in za ta canza gudu sai ta fizge, wuyanka ya yi baya ya dawo. Da safe da sauƙi, in rana ta take kuwa sai addu'a.

Ranar da aka ɗauki surukar Habi, shugabar ƙungiyar matanmu, yarinyar na kwance a baya tana juyin naƙuda, Habi na tsaye riƙe da ƙarfe tana ba da umarni kamar kwamandan jandarma. Motar ta yi gam ɗin nan, Habi ta zauna cikin kwanon ruwan zafi, goshinta ya bugi ƙarfe. An haihu lafiya, Alhamdulillahi, amma ƙulun goshin ya yi sati.

Ran kasuwa wani bakanike ɗan Jibiya, Mudi, ya biyo. Barmo ya roƙe shi ya saurara. Ya shiga, ya ja sandar, ya ji gam, ya fito yana karkaɗe riga ya ce matsalar giya ce, tana shiga da ƙarfi, a kai ta Maraɗi, shi sauri yake. To ni na yi shekara talatin ina kai wake Jibiya, na san can abin da direbobinmu ke kira bitas shi suke ce wa giya. Matan garinmu kuwa giya ɗaya suka sani, ta kwalba.

Nan ne Shaiɗan ya zauna a kan harshena. Ranar suna a gidan Habi, mata cike da tsakar gida, suka taso ni wai angona ya kusa kashe musu shugaba. Na gyara ɗankwali na ce su yi masa haƙuri, bakanike ya auna shi ya ce giya ce ke damun sa, kuma da ƙarfi take shiga. Ina jira a fashe da dariya in warware. Malam, ko tari ba a yi ba. Habi ta ajiye ludayi ta dafe goshi ta ce dama ita ta sani. Na ce wasa nake, giyar mota ce. Wata ta ce kaka ai dole ta rufa wa jikanta asiri.

Tir da bakin mutane! Kafin la'asar an ce an gan shi yana fitowa daga wata bukka bayan Tibiri. Washegari aka ce ba sau ɗaya ba. Wadda bara Barmo ya goya mijinta a baya har cikin ɗakin likita, ita ce ta rantse ta ji warin abin a bakinsa. Ran Juma'a liman ya yi huɗuba kan shaye-shaye, sahu uku suka waiwaya suna duban yaron nan. Wallahi na tsani garin nan, kuma ni na fi kowa ba kaina ƙyama.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Da magana ta yi yawa ni ma sai shakka ta kama ni. Na shiga gidansa na ɗauki rigar aikinsa a kan igiya na shinshina. Wani wari ne mai ɗaci, kamar ƙanzon da ya ƙone aka jiƙa shi ya kwana, ga tabo baƙi-baƙi a hannun rigar da tsumman da ke aljihu. Ni ban taɓa jin warin giya ba, ina zan sani? Na kira shi na ce wani abu ya faɗa mini ido, ya hure mini, don kawai in ji numfashinsa. Goro na ji da albasa. Amma ya gane. Ya miƙe ya ce Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Hajiya! Yaron da tun yana rarrafe bai taɓa kirana da wani suna ba sai amarya. Matarsa Hamdiya kuwa ta daina aiko mini da kunu.

Yanzu tunda soja suka ce za su mayar da mulki, garinmu ko akuya za a yanka sai an ɗaga hannu. Kwamitin mota ya sa rana, Juma'a ta sama, za a jefa ƙuri'a ko a karɓe makulli daga hannun Barmo. Habi na yawo gida-gida, ta fi masu lasifikar jam'iyyu ƙoƙari. Shi kuwa ya ce ba zai tsaya gaban kowa yana rantsuwa kan abin da bai yi ba. In aka karɓe makullin nan da wannan suna, wa zai sake ba shi mota daga nan har Gazawa? Ka gaya mini gaskiya ko da ɗaci, sannan ka gaya mini yadda zan yi.

Tsohuwa mai dogon harshe, Gidan Sori

*

Inna, na karanta takardarki sau biyu, baƙinki bai karkace ba ko ɗaya. Na yi dariya a wurin Habi da kwanon ruwa, na daina da na iso wurin huɗuba. Na shekara ashirin ina tuƙi kafin in zauna a buro, wato ofis, kuma na kai takardar wurin wani tsohon abokina mai gyaran irin waɗannan motoci a Maraɗi. Bakinmu ya zo ɗaya.

Mota mai canza gudu da kanta da mai take aiki, ba da ƙafar direba ba. Man nan ja da kika ga yana ɗiga shi ke tura komai a cikinta, kuma siriri ne, nasa daban. In ya ragu, ko ya ƙone, ko aka gauraya shi da mai kauri, sai turin ya makara, in ya iso kuma ya iso gaba ɗaya. Shirun nan na ƙirga uku da gam ɗin da ke biyo baya ke nan. Gaba da bayan da aka yi cikin rairayi ya dafa man, ɗigar ta rage shi, galan ɗin Dogo ya ƙarasa. Warin ƙonannen ƙanzo da ke rigar jikanki warin wannan man ne, don alama kullum yana zaro ma'aunin man yana gogewa, ya rasa wanda zai tambaya.

Ga abin yi. A daina ɗaukar marasa lafiya da ita daga yau. A kai ta Maraɗi da sanyin safiya, a hankali, babu kaya, wurin wanda ya san otomatik, ba wurin duk mai riƙe da sifana ba. Kada a ja ta da igiya, kada a tura ta don ta tashi. Zai auna jan man nan yayin da injin ke aiki, motar ta yi ɗumi, a kan ƙasa madaidaiciya. Zai kwance farantin ƙasan akwatin giyar ya zubar da man, ya canza matatar da ke ciki, ya duba gindin farantin. In baƙin laka ne kaɗan, an tsira. Sai a zuba nata man na asali, a zagaya da ita, a sake zubarwa a sake zubawa, ko sau uku, don a karo ɗaya rabi ne ke fita. In kuwa ya tarar da ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, sai an sauke akwatin duka an buɗe, kuma gara ku ji haka yanzu da ku ji a daji da mai naƙuda a baya. Ya duba bututun da Dogo ya ɗaure, da robobin da ke riƙe da injin, ya ga kuma ko injin na gudu da yawa a tsaye, don su ma suna ƙara bugun. Barmo kuma ya riƙa taka birki ta tsaya cak kafin ya juya sanda daga baya zuwa gaba.

Kada ki tsani garinku duka. Habi ta ji ciwo, kuma mutanen da ke ɗora matansu a mota suna da haƙƙin su tambayi halin direba. Laifinsu shi ne ƙarin da suka yi da rantsuwar ƙarya. Dogo ba mugu ba ne, abin da ya sani ya yi, sai dai a gaya masa cikin mutunci ya tsaya ga injin niƙa. Barmo ma da nasa: ya ji motar ta canza tun damina bai tara kwamiti ya faɗa ba, yanzu kuma fushi ya hana shi magana.

Naki aikin ya fi na bakanike wuya. Fara da jikanki, ke da shi, ba zolaya. Ki ce kin ɓata masa suna don neman dariya, kin kuma shinshina rigarsa, ya yafe miki. Ki biya ta ɗakin Hamdiya ki faɗi haka nan. Sannan ki je wurin liman ki ba shi labarin daga farko. Sannan gidan Habi, a tsakar gidan da kika yi maganar, gaban matan da suka ji. Kada ki ce wasa kike, sun ji wannan. Ki ce kin san ma'anar kalmar kika ɓoye musu da gangan. Ki roƙi kwamiti ya tura mutum ɗaya, wanda Habi ta yarda da shi, ya bi motar Maraɗi ya ji da kunnensa. Ku dawo da kwalba biyu, ɗaya da tsohon man, ɗaya da sabo, ku ajiye a tabarma ranar taro, kowa ya shinshina kafin ya ɗaga hannu. Ba na miki alkawarin kowa zai janye bakinsa, amma masu ƙuri'a za su yi ta da abin da suka gani.

Allah ya ba motar lafiya, ya sanyaya zuciyar Barmo, ya bar miki haƙoranki huɗu da barkwancinki, a riƙa dai duba wurin da za a sake shi. Kacici-kacicinki kuwa, motar ce ta sha. Man injin niƙa aka ɗura mata.

Malam Hamisu