Garin da Ya Bi ta Rawanin Yaya Habu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ne ɗanki Sale, daga nan Bebeji, da rubutun bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Na san ba za ki karanta ba, amma akwai masu leƙen takardar, su ma ina so su ji.

Kin tuna shekarar da Yaya Habu ya dawo daga Kano, daga kamfanin gurzar auduga, yana tari kamar zai amayar da ƙirjinsa. Ya ce shi bai ga ta inda ƙura za ta shige shi ba, tunda kullum yana rufe hanci da bakin rawaninsa, kuma da an tashi aiki yakan kakkaɓe tarkacen audugar da ya maƙale a jiki.

Ba ki yi musu da shi ba. Kika karɓi rawanin, kika ɗaure shi a bakin ƙwarya, kika zuba garin dawa kika tankaɗe. Tsaki da dusa suka tsaya a sama. Da kika kwance, sai ga lallausan gari ya yi fari fat a gindin ƙwaryar.

Kika ce, "Abin da ka kakkaɓe tsaki ne, Habu. Garin yana cikinka."

Mutanen gari suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. An yi turare, an sha rubutu. Ke dai kin yi ta faɗin cewa ƙurar da ido ba ya gani ita ce ta ci shi, har aka fara cewa baƙin ciki ya taɓa ki. Damina biyu ya yi yana barci a zaune kafin Allah ya karɓi abinsa.

To, Inna, wakilin kamfanin ya sake zuwa ɗibar ma'aikata, kuma ƙanina Garba ya ba da sunansa, ga shi da mata da goyo. Ni ne babba yanzu, sai da yardata. Ranar kasuwa na ɗauki ƙwaryarki da tsohon rawani, na yi tankaɗe a gaban wakilin da mai unguwa. An sha dariya, wai ƙato da gemu yana aikin mata. Wakilin ya ce ai yanzu suna raba ƙyalle na rufe hanci. Na ce ya miƙo ƙyallen mu gwada. Sai ya tuna yana da sauri.

Mai unguwa ya kira ni ya ce ina toshe wa samari hanyar abinci. Na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, kowa ya ba da nasa ɗan'uwan, ni dai ban ba da ƙanina ba. Ko gaban hakimi aka kai ni, maganar ke nan.

Garba ya daina gaishe ni, yau kwana goma sha. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba, kuma na yi kewarki a kwanakin nan fiye da kullum. Amma jiya muna girbi, na ji ya ƙwala wa matarsa kira tun daga ƙarshen gona, murya garau, bai ko tsaya maida numfashi ba. Ya yi ta fushinsa, Inna, indai da wannan ƙirjin zai yi.

Allah ya haskaka kabarinki, ya jiƙan Yaya Habu, ya sada mu a gidan Aljanna.

Ɗanki mai taurin kai irin naki,
Sale